Ƙullin Ƙasar Inna

Najma, Doha
10 ga Satumba, 2021

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Garzali da yaranku. Ki gaida Inna, ki ce mata autanta yana nan ƙalau, bai rame ba. Ki gaida mai ɗakina Mansuratu da 'yar taku. Ni lafiyata lau, sai zafin garin nan da ba ya jin lallashi.

Yau mako guda ke nan da aka kashe layukan waya a jiharmu, ni kuwa kullum sai na danna lambarki kamar wanda aka yi wa asiri. Jiya Dikko direba ya kira ni daga Zariya muka yanke shawara. Zan riƙa rubutu a takarda, in ɗauki hotonta in tura wayarsa. In ya shiga inda akwai layi ta sauka, in ya koma gida ya miƙa miki ki karanta. Ke ma ki rubuta ki ba shi ya turo.

Tsarabarku ta iso ta hannun ɗan gidan Liman da ya zo aikin gadi. Yajin ya yi rabi, don Issifu, mutumin Ghana da muke ɗaki ɗaya, ya mai da shi nasa. Na kuma ga sabon ƙullin ƙasar da Inna ta ɗebo a ƙofar ɗakinta. Ki ce mata ban yar da al'adarta ba. Duk Juma'a ina tsakurar kaɗan in zuba a ruwa in sha, yadda ta saba yi wa duk ɗanta da ya yi tafiya, don kada ruwan baƙon wuri ya ɓata masa ciki, don kuma ƙasar gida ta riƙa kiransa. Tsohon ƙullin da na taho da shi kusan shekara uku bai ƙare ba, shi ya sa ban kwance sabon ba tukuna.

An sauya mini aiki. Kin san kamfaninmu gwajin ƙasa yake yi kafin a kafa gini. Yanzu ni ke tuƙa wata tsohuwa 'yar Rasha, Dakta Irina, ina ɗaukar mata jakunkunan ƙasar da ta ɗiba. Faɗa gare ta kamar Gwaggo Fausatu, amma ba ta da riƙo. A kan teburinta akwai hoton wani dattijo mai farin gemu da ɗan tabarau. Na tambaye ta ko kakanta ne, ta yi dariya har da tari. Wai sunansa Vladimir Vernadsky, masanin ƙasarsu ne, ya mutu a 1945 tun ba a haife ta ba, amma duk abincin da take ci albarkacin iliminsa ne. Tun ranar na jawo wa kaina. Da mun maƙale a cunkoson titin Al Mirqab sai ta buɗe mini makaranta.

Ta ce kafin shi, masana sun ɗauka dutse harkarsa daban, mai rai harkarsa daban. Shi ya nuna musu cewa ciyawa da tsutsa da saniya da mutum su ne manyan leburorin da ke kwasar ƙasa daga nan su kai can, har iskar da muke shaƙa ganye ne ya yi ta. Wai ya taɓa lissafa nauyin wani garken fara da ya ƙetare Bahar Maliya, ya ce wannan ai dutse ne yake tafiya a sama. Na ce mata mu a garinmu wannan dutsen soya shi muke da yaji.

Abu ɗaya ta faɗa da ya tsaya mini a rai. Wai duk abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa ba ya ɓacewa, masauki kawai yake sauyawa. Daga dutse ya shiga ruwa, daga ruwa ya shiga hatsi, daga hatsi ya shiga ƙashin mutum. Ban san dalili ba, ranar dai kasa cin abincin rana na yi.

Yaya injin niƙan da na aiko da kuɗi aka saya? Ina fatan matan gari sun huta da daka.

Ƙaninki,
Ɗalhatu

Tungar Sanyi
21 ga Satumba

Ɗalha autan Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna har sau biyu a wayar Dikko. Duk muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, kuma ka gaya wa mutumin Ghana ya ji tsoron Allah ya bar maka yajinka.

Kai da kunyar 'yar fari! Ka cika shafi biyu da labarin gemun wani bature, 'yarka kuwa kalma biyu ta samu, wai "'yar taku". Nasiratu sunanta, in ka manta. Tunda ba za ka tambaya ba bari in gaya maka. Ta iya cewa Baba in an nuna mata hotonka, kuma da na kira sunanta daga bakin rijiya sai ta sheƙo a guje ta riƙe mini zane. Kwanan nan dai rigima take, ba ta son abinci, ta yi amai sau biyu. Haƙoran ciki ne ke fitowa.

Gari kuwa sai addu'a. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, 'yan bindiga kuma ba su fasa ba. Mutane da dama sun bar gonakinsu na nesa.

Ka tambayi inji. To, ga abin da ba mu gaya maka a waya ba, don ba maganar waya ba ce. An sami zinariya a ramin bayan tsauni. Gwamnati ta hana haƙa, kuma duk wanda ya zauna fasa dutse a daji, mutanen daji za su zo su karɓe. Sai mazanmu suka koma kawo dutsen gida a buhu, a ƙarƙashin harawa. Tun farkon damina Garzali ya shigo da injin tsakar gida, ya kafa shi a rumfar ƙofar ɗakin Inna. Da safe a niƙa hatsi, da rana a niƙa dutse. Yana wanke shi tsakani, kada ka ce mana ƙazamai. Mu mata mu shanya garin a tabarmi, su su wanke su fitar da abin da suke nema.

Wallahi Ɗalha injinka ya rufa mana asiri. A shekarar da maƙwabta ke cin tafasa, gidanmu bai fasa tuwo ba. Ƙura ce kawai matsalar, amma ita ma mai kyau ce, ƙyalli take. In Nasiratu ta gama wasa a ƙasa sai ka ga ƙafafunta suna walƙiya kamar an yi wa amarya kwalliya.

Asara ɗaya muka yi. Agwagin Inna tara duk sun mutu cikin mako biyu. Sai ka ga ɗaya tana zagaye wuri ɗaya, wuyanta ya karkace, kafin la'asar ta miƙe. Inna ta ce, "Bakin mutane na, sun ga muna dahwa tuwo." Tunda tsohuwarka da mai gemunta sun san komai, ka tambaye ta maganin ciwon agwagwa.

Yayarka,
Haulatu

Najma, Doha
3 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Ki zauna ki karanta wannan a natse.

Na tambayi Dakta Irina maganar agwagi, da wasa, muna hanyar wani fili bayan Abu Hamour. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in tsaya a gefen titi. Ta tambaye ni me ake yi a gidan, na gaya mata. Ta ce dutsen yana da ƙyalli mai ruwan toka? Na ce haka kika rubuta. Ta ce akwai yara? Na ce guda bakwai. Ta ce, "Kana da wani abu da ya fito daga gidan nan?"

Washegari na kai mata ƙullin Inna duka biyu. Tana da wata na'ura mai kama da bindiga, in ta ɗora bakinta a kan ƙasa sai ta rubuta abin da ke ciki. Ta ce in dalma ta wuce ɗari huɗu, ba a barin yaro ya zauna a wurin. Ta gwada tsohon ƙullin da na taho da shi, ya nuna talatin da biyu. Ta gwada sabon, wanda Inna ta ɗebo a watan Agusta daga wannan ƙofar ɗakin. Dubu goma sha ɗaya, Yaya. Ta sake gwadawa. Ta canza batir ta sake. Sai ta faɗi wata kalma da yarensu, ta zauna a kan bokiti.

Dalma ce a cikin dutsen nan. Kin tuna yaran da suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har likitocin waje suka zo? Wannan ce. Ta ce a can ma agwagi suka fara, don su ne ke cusa baki cikin taɓo. Bayan agwagi sai masu rarrafe da masu sa hannu a baki. Yajin ma mun gwada, na zubar da shi. Issifu ya ce, "Massa, ni na cinye rabi, yanzu ka na gaya mini?" Ta ce babba yana ɗan jurewa, jikin yaro ne ke shanye ta kamar nono.

A hanyar komawa ita ce ta yi ta magana. Ta ce tsohon nan nata ya hango wannan tun da daɗewa. Ya ce ɗan Adam ya zama ƙarfi irin na kogi da girgizar ƙasa, abin da kogi zai shekara dubbai bai fito da shi ba, mutum sai ya tono shi a shekara guda. Da aka gano ƙarfin da ke cikin wasu duwatsu, irin wanda daga baya aka yi bam da shi, ya tambaya ko mutum ya yi hankalin da zai riƙe irin wannan abu bai halaka kansa ba. Na ce mata mu ba bam muke yi ba, tuwo muke nema. Ta ce dutsen bai san wannan ba.

Yaya, a tsayar da injin nan yau, a fitar da shi daga gidan. Ni na saye shi, ina da bakin magana a kansa. Kada buhun dutse ya sake shiga gida. Kada yaro ya zauna a ƙasar tsakar gida, a wanke musu hannu kafin su ci komai. Amai da ƙin abincin 'yar taku ba haƙori ba ne. A kai ta Anka, a ce a gwada jininta, har yanzu akwai asibitin da ke duba yaran dalma. Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Ɗalhatu

Najma, Doha
20 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kwana goma sha bakwai ke nan shiru. Wayar Dikko ta nuna takardata ta sauka, amma in na kira ba ya ɗauka. Ban sani ba ko fushi ne, ko hanya ce, ko abin da bakina ba zai faɗa ba.

Na nemi hutu. Mutumin ofis ya ce sai an gama aikin da ke hannu, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya ci gaba da danna wayarsa. Jiya na wuce jar danja da Dakta Irina a mota, ban ma gani ba. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Duk safiya in ta shigo mota sai ta dube ni, ni kuma in girgiza kai.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. An fitar da injin? An kai ta?

Ɗalhatu

Tungar Sanyi
26 ga Oktoba

Ɗalhatu,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Na daɗe ban rubuto ba don raina a ɓace yake, kuma ba na son in rubuta abin da zan yi nadama.

Takardarka ta uku ga wata ban gan ta da idona ba. Dikko ya fara haɗuwa da Garzali a bakin masallaci, shi ya karanta, ya goge ta nan take. Ya ce in sojoji suka ga maganar dutse a wayar Dikko a shingen hanya, kashinsa ya bushe. Amma ya gaya mana abin da ke ciki a gaban Inna. Wai ka ce a tsayar da inji, kai ka saye shi, kana da bakin magana a kansa. Wai kuma ka kai ƙasar gidan ubanmu wajen baturiya ta ce ƙazanta ce.

Haba Ɗalha. Gori za ka yi mana? Garzali ɗan Baffanka ne, shi ke ciyar da uwarka da matarka. Cewa ya yi, "Shi da az zaune cikin sanyin na'ura, shi ka hwaɗa muna yadda za mu ci abinci? Dutsin Anka daban, namu daban." Inna kuwa kuka ta yi. Ta ce, "Ku hwaɗa mishi ƙasar gidan ubanai ba ta taɓa cin kowa ba. Ita yash sha hal yag girma."

To ka kwantar da hankalinka, Allah ya yi maka yadda kake so. Injinka ya tsaya mako uku ke nan, babu mai. In hayaƙinsa da ƙararsa ne ke damun baturiyarka, ka ce mata an huta. Yanzu a turmi muke dakan dutsen, ni da Mansuratu da matan gidan. Hannu ya yi kanta, amma ya fi zama. Turmi biyu gare mu, in mun gama mu kakkaɓe mu daka fura.

Nasiratu dai jiki ya ƙi. Ta daina gudu, in ta miƙe sai ta yi tangaɗi ta zauna. Shekaranjiya ta yi jijjiga, idanunta suka juye, har muka ɗauka ta tafi. Malam ya yi mata rubutu, an yi turare, an ce iska ce. Ba ita kaɗai ba, jikan Gwaggo Fausatu ma haka ya yi, shi Allah ya karɓi abinsa ranar Talata. Idanun Nasiratu sun yi ja saboda ƙura, amma Inna ta samo magani a cikin dutsen nan naku da kuke zagi. Akwai ɓarɓashi mai ƙyalli a ciki, tozali ne sak irin na kasuwa. Ta tsince ta niƙa, safe da yamma tana ranbaɗa mata.

Mansuratu kuwa ka san ta da kunya. Goya ta take tana daka, tana share hawaye da gefen zane. Ka yi mata addu'a, ka bar mu da maganar inji.

Haulatu

Najma, Doha
29 ga Oktoba

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Na sa Dikko ya rantse zai buga wannan a takarda a Zariya, ya sa a hannunki, ke kaɗai. Ban rubuta abin da zai jawo masa fitina a hanya ba.

Ki yafe mini maganar "ni na saya". Ba gori nake nufi ba, cewa nake laifin nawa ne. Garzali ya faɗa muku layi biyu ya bar goma. Ba injin ne gubar ba, Yaya, dutsen ne. Turmi ya fi injin muni, don a cikinsa kuke dakan abin da kuke ci. Tozalin da Inna ke sa mata kuwa shi ne dalmar da kanta, tsantsarta. Da na fassara wa Dakta Irina wannan layin, tashi ta yi ta fita daga ofis.

Ƙasar gidanmu ba ƙazanta ba ce. Wadda na taho da ita lafiyarta lau, shekara uku ina sha. Mu muka zuba mata abin da ba nata ba.

Tsohuwar nan ta ba ni labarin ƙarshen mai gemu. 'Ya'yansa biyu sun bar ƙasar bayan juyin mulki, daga baya suka zauna Amurka. Matarsa ta rasu lokacin yaƙi, a wani gari mai nisa da aka kwashe su aka kai. Shi da ya san hanyar da ƙwayar ƙarfe ke bi daga dutse zuwa jini, ya mutu tsakaninsa da 'ya'yansa sai takarda. Ta ce a ƙuruciyarsa da aka yi yunwa a yankinsu, ajiye littattafai ya yi ya tafi ya buɗe wuraren ciyar da mutane. Ta dube ni ta ce, "Kai ba ka iya tafiya. Wa kake da shi a can da zai tashi?" Na ce ina da yaya.

Na ajiye kunya yau. Nasiratu. 'Yata Nasiratu, wadda ban taɓa ɗauka ba, ban san nauyinta ba, ban san warin kanta ba. Nasiratu mutuwa take yi a bayan uwarta, a bakin turmi. Ba iska ba ce. Ki ɗauki Nasiratu ki sa ta a motar Dikko ki kai ta Anka, ko Garzali ya yarda ko bai yarda ba, ko Inna za ta yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarta. Ke kika goya ni, Yaya, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki goya mini Nasiratu.

Ɗalhatu

Anka
14 ga Nuwamba

Ɗalha,

Wa alaikumus salam. Daga asibiti nake rubuto maka. Tana da rai. Na fara da wannan don na san ba za ka iya karanta gaisuwa ba.

Takardarka ta same ni a bakin turmi. Maganar dalma da lambobinku ban fahimce su duka ba, gaskiya. Abin da ya tsayar da ni sunan ne. Sau biyar ka rubuta shi, na ƙirga. Kai da ko a waya sai dai ka ce "yarinyar nan". Na ce lallai abin da ya sa Ɗalha ya kira sunan 'yar fari ba ƙarami ba ne. Na karanta wa Inna. Da na zo wurin sunan ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko tandun tozalin ta jefa a masai.

Garzali ya ce in na fita kada in dawo. Na ce to. Na kwance Nasiratu daga bayan Mansuratu na goya, muka shiga motar Dikko mu uku. Hanyar ba sai na gaya maka ba, shinge bakwai, kuma ta yi jijjiga sau biyu a cinyata. Ka yafe wa Dikko, ya yi ƙoƙari.

Da suka ɗebi jininta suka sa a na'urarsu, na'urar ba ta ba da lamba ba. Ma'aikaciyar ta ce abin ya wuce inda take iya ƙirgawa. An yi mata allurai kwana biyar, yanzu tana shan maganin da ke jawo dalmar ta fita ta fitsari. Jijjigar ta tsaya. Tana shan kunu. An aika mota ta kwaso sauran yaran gidanmu shida, huɗu an ba su gado, har da nawa biyu. Garzali ne ya rako su. Ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Likita ya ce ba za a mai da yaro gidan nan ba sai an kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna an zuba sabuwa. Ramin bayan tsauni kuwa Dikko ya ce har yanzu ana shiga, buhuna sun koma wasu gidajen.

Inna ta ba Dikko saƙo ya ajiye maka, in an sami mai zuwa. Ƙulli shida ne wannan karon. Ta ɗebo a ƙofar ɗakinta, da ɗakin Mansuratu, da bakin rijiya, da gindin rumbu, da zaure, da inda take salla. Ta ce ba na sha ba ne. Ta ce ka kai wa tsohuwar ta ɗora bindigarta, ta gaya mata ko akwai wurin da ya rage a gidan da jikarta za ta iya zama a ƙasa.

Saura abu ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na nuna mata hotonka, ta kalla kamar bango take kallo. Likita ya ce wani yaron yana dawowa, wani rabinsa ke dawowa, sai an jira. Jiya na zauna a bayanta na kira ta yadda nake kiranta daga bakin rijiya. Mansuratu ma ta ajiye kunya ta kira, karon farko tun da ta haife ta. Na ɗauko takardarka na karanta mata sunan da ƙarfi sau biyar, yadda ka rubuta shi. Ba ta juyo ba, Ɗalha.

Gobe da safe zan sake kira.

Yayarka,
Haulatu